Daga Fetur Zuwa Buhu, Gas da Batir: Shin Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Duk ɗalibin da ya saba bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san abubuwa biyu da ba sa yankewa a kanta: tankokin mai masu shigowa, da manyan motoci masu fita maƙare da buhunan masara, dawa da waken suya. Ka taso daga Tsafe, ka wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, ka ratsa Gusau ka nufi Bunguɗu, haka za ka yi ta cin karo da su. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fetur ɗin da ke cikin tankar nan da buhun da ke bayan motar can uwarsu ɗaya. Dukansu daga ɗanyen mai da iskar gas suka fito.

A zamanin kakanninmu, lokacin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa da auduga daga Gusau da Ƙauran Namoda, buhun algarara ake zuba kaya a ciki. Yau kusan ya ɓace, buhun roba ya gaje shi. Sinadarin da ake saƙa buhun roba da shi sunansa folifirofilin. Sunan da wuyar faɗi, amma kayan kun san su: shi ne tabarmar roba ta masallaci, shi ne kujerar wajen biki, shi ne bokiti da igiyar ɗaure kaya. Daga masana'anta yana fitowa ne 'yan ƙwayoyi farare kamar shinkafa, sai a narkar da shi a ja shi zare.

Mun ɗauko zancen buhu ne saboda manyan kamfanonin mai, na gida da na waje, sun shiga neman wasu sana'o'i bayan sayar da fetur. Sana'o'in iri biyu ne. Akwai na makamashin da ba ya fitar da hayaƙi da yawa, kamar gas na mota, hasken rana da man da ake tatsa daga amfanin gona. Akwai kuma na kayan sarrafawa, kamar roba, takin zamani da sinadaran batir. Tallarsu tana da daɗin kallo. Tambayar da ɗan kasuwa zai yi guda ɗaya ce: akwai riba a ciki?

Me ya kai mai fetur neman wata sana'a?

Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Wannan iska ce ke taruwa a sama tana riƙe zafi, ita ce kuma babban dalilin sauyin yanayin da kuke karantawa a darasin labarin ƙasa. A 2015 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar rage ta a birnin Paris. A 2021, a taron birnin Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa nan da 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa. Ga kuma motoci masu batir. A 2024 kaɗai an sayar da wajen miliyan 17 a duniya, wato kusan ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, mafi yawansu a ƙasar Sin. Wanda ke sayar da fetur ya ga haka, dole ya fara tunanin abin da zai sayar nan da shekara talatin.

Sai dai kamfani ba gidan sadaka ba ne. Kuɗin da yake juyawa na masu hannun jari ne, su kuwa riba suke jira. Kamfanin ExxonMobil na Amurka, wanda ya daɗe yana haƙar mai a gaɓar tekun Akwa Ibom har zuwa 2024, ya ci ribar Dala biliyan 55.7 a 2022, kusan duk daga mai da gas da sinadaransu. Duk sabuwar sana'ar da shugabanninsa za su kawo, da wannan za a gwada ta. Bai isa a ce ba ta faɗi ba. Sai an tambaya ko da an zuba kuɗin a sabuwar rijiyar mai da ya fi haihuwa.

Kada ku ce ina ruwanmu da Amurka. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, da aka kafa a 1977, ya koma kamfanin kasuwanci bayan dokar man fetur ta 2021, kuma shi ma yanzu yana maganar gas da makamashi mai tsafta. Sai a lissafin 2020 ya fara bayyana riba, Naira biliyan 287, bayan fiye da shekara 40 da kafuwa. Kuɗin mai na cikin manyan abubuwan da ke cika asusun da ake rabawa jihohi duk wata, kuma da wannan kaso Jihar Zamfara ta fi dogara wajen biyan albashi, har da na malamanku. Idan aka zuba jari inda ba ya dawowa, ƙurar tana iya isowa har ajinku.

Kaduna da Eleme

Wannan ba shi ne karon farko da kamfanin mai ya gwada sana'ar kayan sarrafawa a ƙasar nan ba. An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, kuma daga ita ne aka ja bututu ta Zariya zuwa daffon mai na Gusau. Ba fetur da kananzir kawai aka gina ta don ta yi ba. Tana da sashen baƙin mai na inji, da na kwalta, da na kakin yin kyandir. A 1988 aka ƙara mata masana'antar sinadarin da ake haɗa garin sabulun wanki da shi. Tunanin mai kyau ne. Ko wane gida yana wanki, masu saye ba za su ƙare ba.

To amma masana'antar sinadarin sabulun da kananzir ɗin matatar take aiki. Matatar kuma da ɗanyen man da ake turowa ta bututu mai ɗaruruwan kilomita daga yankin Warri. Idan aka fasa bututu, ko injin ya tsaya don rashin gyara, komai sai ya tsaya a jere. Lokacin da NNPC ya wallafa lissafin kuɗinsa a 2020, sai aka ga cewa a 2018 matatar Kaduna ba ta samu kuɗin shiga ko kwabo ba, amma ta yi asarar fiye da Naira biliyan 60, domin albashi da sauran ɗawainiya ba sa jira. Man da aka gina daffon Gusau don ya riƙa zuwa ta bututu, tankoki ne ke jigilarsa daga Kudu.

Yanzu ku dubi Eleme, kusa da Fatakwal. NNPC ne ya gina masana'antar roba a can, ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1990, ta yi ta ɗingishi ƙasa da ƙarfinta. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta ga kamfanin Indorama na nahiyar Asiya a kan Dala miliyan 225. Sababbin masu ita suka yi mata babban gyara, cikin 'yan watanni ta koma aiki, ta shiga biyan riba ga masu hannun jari, har da shi kansa NNPC da ya riƙe ɗan kaso, da Jihar Ribas, da garuruwan da ke kewaye. A 2016 suka ƙara masana'antar taki a gefenta. Injin nan dai shi ne, gas ɗin shi ne, kasuwar ita ce. Abin da ya canza shi ne hannun da ke riƙe da ita.

Idan aka tambaye mu wane reshe ne cikin sababbin sana'o'in ya fi tabbacin riba, to wannan ne: roba da taki. Dalilin yana nan a kasuwannin Tsafe da Bunguɗu. Manomi ba ya jiran gwamnati ta ce masa ya sayi buhu. Kaka ta yi, dole ya nema. Damina ta faɗi, dole ya nemi yuriya ko da bashi. Ku duba jikin buhun yuriya za ku ga lamba 46. Ma'anarta kashi 46 cikin 100 na abin da ke ciki naitirojin ne, abincin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar. Ana samo naitirojin ɗin daga iskar da muke shaƙa, a haɗa shi da haidirojin da aka ciro daga gas, a samu amoniya, sannan a haɗa ta da iskar kabon ta zama yuriya. Masana'antar taki ta Ɗangote da aka buɗe a Legas a watan Maris na 2022 an gina ta ne don ta yi tan miliyan 3 a shekara, kuma ana fitar da kaso mai yawa zuwa ƙasashe irin su Burazil da Amurka, a dawo da Dala. A 2025 matatarsa ta fara fitar da ƙwayar robar buhu ita ma.

Sai dai a faɗi gaskiya: buhu da taki suna da riba, amma ba su da tsaftar da talla ke nunawa. Ku leƙa magudanun ruwa na Gusau bayan ruwan sama ku ga inda roba ke ƙarewa. Yuriya ma kabon ɗin da aka ɗaure a cikinta tana sakinsa idan ta narke a gona.

Man rogo da rake

Ga wanda ya fi burge manomi a takarda. A 2005 NNPC ya buɗe sashen makamashin da ake sabuntawa, a 2007 gwamnati ta fitar da tsarin gauraya fetur da kashi 10 cikin 100 na itanol, wani sinadari mai kama wuta da ake tatsa daga rake ko rogo. A 2017 aka sa hannu a yarjejeniya da maƙwabciyarmu Jihar Kebbi kan gina irin wannan masana'anta. Burazil ta fara tun 1975, kuma yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fetur ɗinta daga rake yake. Mu kuwa har yau direban Gusau bai fara shan fetur mai rogon Kebbi a ciki ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Rogo idan aka tone shi, kwana biyu zuwa uku ya fara lalacewa, don haka sai masana'anta tana kusa da gona, hanya kuma tana da kyau. Mai yin gari da alabo yana son rogon nan, kuma yana biya nan take. Babban abin kuma shi ne, tsawon shekaru, har zuwa 2023, gwamnati tana biyan tallafi fetur yana araha. Wa zai zuba biliyoyi ya yi man da zai fi na gidan mai tsada? Sa hannu a takarda gaban 'yan jarida cinikin biri a sama ne.

Can Amurka ma ba komai ke ci ba

ExxonMobil yana da labarin da ya kamata duk ɗalibin kimiyya ya sani. A shekarun 1970 wani masanin sinadarai haifaffen Ingila, Stanley Whittingham, yana aiki a ɗakin binciken kamfanin ya ƙirƙiro batirin litiyam na farko da ake iya yi wa caji. Batirin yana da matsalar kama wuta, farashin mai kuma ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai kamfanin ya watsar da aikin. Kamfanin Sony na Japan ne ya fito da batirin litiyam kasuwa a 1991. Jikansa ne ke cikin wayar da ke gidanku. Whittingham ya samu kyautar Nobel a 2019, ribar kuwa wasu suka kwashe.

Daga 2009 kamfanin ya shiga binciken tatsar mai daga gansakuka, irin koren abin nan da ke kwanciya a kan tafki. Ya kashe fiye da Dala miliyan 350, ya yi ta tallarsa a talabijin, daga ƙarshe ya janye. Man yana fitowa a ɗakin bincike, amma ba a farashin da wani zai saya ba.

Abin da ya sa a gaba yanzu ya fi kusa da aikin da ya iya. A 2023 ya sayi kamfanin Denbury a kan Dala biliyan 4.9 saboda bututansa na ɗaukar iskar kabon. Sana'ar ita ce a kama hayaƙin masana'antun taki da na ƙarfe kafin ya tashi sama, a tura shi can ƙarƙashin ƙasa a binne. Haƙa rijiya da shimfiɗa bututu aikin gado ne ga kamfanin mai. Amma wa ke biyan kuɗin binne hayaƙi? Ba wanda ke ci, ba wanda ke sawa a jiki. Gwamnatin Amurka ce ta yi doka a 2022 cewa za ta yafe harajin Dala 85 a kan kowane tan da aka binne. Muddin dokar tana nan, akwai ciniki. Ranar da 'yan majalisa suka canza shawara, lissafin ya rushe. A ƙarshen 2025 kamfanin ya dakatar da shirin gina babbar masana'antar haidirojin a Baytown da ke jihar Teksas, yana cewa masu sayen da za su ɗaure kansu da yarjejeniya ba su samu ba.

Na Turai ma sun ja da baya. Kamfanin BP na Ingila ya yi alƙawari a 2020 zai rage haƙar mai da gas da kashi 40 cikin 100 kafin 2030. Masu hannun jari suka ga ribarsu ta gaza ta abokan gasa, suka matsa. A watan Fabrairun 2025 BP ya sanar da ƙara kuɗin haƙar mai da zaftare na sabon makamashi.

Saura litiyam. A ƙarshen 2023 ExxonMobil ya ce zai koma wa sinadarin da ya saki shekaru 40 da suka wuce, ta hanyar haƙa rijiyoyi masu zurfin wajen kilomita 3 a jihar Akansas, a zuƙo ruwan gishiri, a tace litiyam, a mayar da ruwan ƙasa. Sai ga shi farashin litiyam, wanda ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100 cikin shekara biyu, saboda kowa ya ruga haƙa a lokaci guda. Duk manomin da ya taɓa ganin shekarar da kowa ya shuka abu ɗaya ya san yadda kasuwa ke yi a kaka.

Litiyam ɗin Nijeriya a cikin dutse yake, ba a ruwa ba, kamar wanda ake sarrafawa a masana'antar da aka buɗe a Jihar Nasarawa a 2024. Aikin masu fasa dutse ne, ba na masu haƙar mai ba. Mu 'yan Zamfara mun san abin da rige-rigen ma'adinai ke iya jawowa. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019 saboda matsalar tsaro, sai a Disambar 2024 ta ɗage hanin. Duk wanda ya zo da lissafin riba bai sa kuɗin kare lafiyar mutanen wurin a ciki ba, lissafinsa bai cika ba.

Hasken rana kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma kuna ganinsa a kan rufin masallatai, rijiyoyin burtsatse da rumfunan masu cajin waya. TotalEnergies yana sayar da fitilun sola a gidajen mansa, Shell kuma ya sayi kamfanin sola na Daystar Power a 2022. Masu saye suna nan birjik. Matsalar babban kamfanin mai ita ce ba shi da wani fifiko a nan. Masana'antun Sin ke ƙera kayan, ɗan kasuwa ya saro daga Kano ko Legas, matashin da ya koyi haɗa waya ya hau rufi ya kafa. Ribar tana nan, amma a hannu dubu take rarrabe, kuma wannan ba mummunan labari ba ne ga mai neman sana'a.

Gas na mota: mu yi lissafi

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin kabu-kabu da na Keke Napep zuwa makaranta ya tashi, kun fi mu sani. A shekarar ce gwamnati ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da gas ɗin CNG, kuma a watan Yulin 2024 NNPC ya buɗe tashoshi 12 a Abuja da Legas.

Wannan gas daban yake da na girki. Ana matse shi ne a tukunyar ƙarfe mai kauri da ƙarfin da ya ninka matsin iskar da ke kewaye da mu wajen sau 200. Shi ya sa tukunyar da aka haɗa a wajen mai walda haɗari ce, irinta ce ta fashe a wata tasha a birnin Benin a watan Oktoban 2024. Gas yana fitar da kabon ƙasa da na fetur da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, Nijeriya kuma tana da shi jibge, fiye da ƙafa tiriliyan 200. Ga shi ya fi fetur araha. Wato a nan, abin da ya fi tsafta shi ne kuma ya fi sauƙi ga aljihu, ba sai an roƙi kowa ba.

Ku ɗauko biro. Lambobin da ke tafe na misali ne, irin na darasin lissafi. A ce mai Keke Napep yana shan fetur na Naira 8,000 a rana. A ce idan ya koma gas zai riƙa kashe 3,000, kuma kuɗin juya injin da sayen tukunya Naira 600,000 ne. Yana rage 5,000 kullum ke nan. Ku raba 600,000 da 5,000, za ku samu kwana 120. Cikin wata huɗu uwar kuɗi ta dawo, abin da ya biyo baya nasa ne.

Yanzu ku koma ɓangaren mai tasha. A ce gina tashar ya ci Naira miliyan 200, kuma bayan ya cire kuɗin gas, ma'aikata da wuta, yana samun Naira 500 a kan kowace mota ko keke da ta sha. Idan 400 suka zo a rana, yana da 200,000 kullum, miliyan 73 a shekara. Ƙasa da shekara uku jarinsa ya dawo. Idan 40 kawai suka zo, miliyan 7.3 ne a shekara, zai jira fiye da shekara 27. Idan kuwa bashin banki ya ci, abin ya fi haka muni. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024. Ko da kashi 25 aka ba shi, miliyan 50 zai riƙa biya duk shekara kafin ya taɓa uwar bashin. Mai motoci 400 zai tsira da ƙyar. Mai 40 ya rufe.

Kun ga inda gizo ke saƙar. Direba ba zai juya injinsa ba sai ya ga tasha kusa. Mai tasha ba zai gina ba sai ya ga direbobi. Kowa yana jiran kowa. Kamfanin Ɗangote ya kauce wa wannan jira a 2025 da ya sanar da sayo manyan motoci 4,000 masu amfani da gas don rarraba mansa. Ya zama shi ne mai sayarwa, shi ne kuma mai saye. Ƙungiyar direbobi ko hukumar sufuri ta jiha mai motoci da yawa da ke kwana a tasha ɗaya tana iya yin irin wannan a ƙaramin mataki.

Akwai kuma nisa. Gas yana araha ne inda bututu ya kai. Bututun da NNPC ke shimfiɗawa daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano yana da tsawon kilomita 614, kuɗinsa wajen Dala biliyan 2.8. An ƙaddamar da aikin a watan Yunin 2020, an kuma sha ɗage ranar kammala shi. Gusau ba ta kan layinsa. Daga Zariya zuwa nan akwai fiye da kilomita 150, don haka duk wanda zai sayar da gas a Gusau sai ya ɗauko shi a mota. Tirela mai ɗauke da tukwanen gas, nauyinta mafi yawa ƙarfe ne, makamashin da ke ciki bai kama ƙafar na tankar fetur ba. Ga kuɗin hanya, ga yanayin tsaro tsakanin Funtuwa da Tsafe da ke hana direbobi da yawa tafiyar dare. Duk wannan a kan waccan Naira 500 ta mai tasha zai hau. Idan ta koma 200, ku sake raba lissafin ku gani.

Lambobin gaskiya suna hannun mutanen da kuke gani kullum. Ku tambayi mai Keke Napep ɗin da ke kai ku makaranta nawa yake shan mai a rana, nawa yake kai wa mai keken, kwana nawa yake fita a mako. Ku tsaya a bakin gidan mai mafi kusa da ku na rabin awa bayan an tashi, ku ƙirga kekuna da motocin haya da suka shiga. Ku kai wa malamin lissafi ko na tattalin arziki, ku fitar tare da shi ko kekuna nawa ne za su koma gas kafin tasha ɗaya ta iya tsayawa da ƙafarta a Gusau, da kuma ko Tsafe da Bunguɗu za su iya riƙe tasu ko sai sun riƙa shigowa birni.